Jan Hankali Ga Masu Noman Laimar Kwaɗi

Laimar kwaɗin nan da ake ci, wadda masana ke kira Pleurotus, an fara nomanta ne a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da abinci ya yi ƙaranci, kuma a yau ƙasar Sin ce ta fi kowa samar da ita. Tun da yake ba ta da ganye kore, ba ta kuma iya haɗa abincinta da hasken rana kamar tsirrai, to, rayuwarta duka ta rataya ne a kan shimfiɗar da aka dasa ta a kai. Wanda ya kyautata shimfiɗa ya kyautata girbi, wanda ya yi sakaci da ita kuwa ya yi hasarar irinsa da wahalarsa.

Cikin hikimar Ubangiji, abin da take bukata shi ne abin da manoma ke zubarwa ko su banka wa wuta bayan kaka: karan shinkafa da na alkama, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da garin katako. Karan shinkafa ya fi saurin ba da amfani, garin katako kuwa yana jinkiri. Amma wajibi ne a guji garin katakon da aka shafa wa magani, da karan da ya sha feshin guba, domin wannan halitta tana zuƙar dauɗar da ke cikin shimfiɗarta, ta kai ta cikin mai ci.

Waɗannan abubuwa ba su da wadataccen sinadarin gina jiki, shi ya sa ake gauraya su da dusar alkama ko ta shinkafa, gwargwadon kashi 10 zuwa 20 cikin 100, tare da ɗan alli kashi 1 ko 2 don rage tsami. A nan ne fa kwaɗayi ke halaka mutane, domin wanda ya yi israfi da dusa, yana zaton yawanta shi ne yawan riba, sai shimfiɗar ta ɗauki zafi, koriyar fumfuna ta mamaye ta, ta kashe irin tun bai kafu ba.

Haka nan sha'anin ruwa: a jiƙa shimfiɗar har in an matse a tafin hannu ɗigo ɗaya ko biyu kaɗai zai fito. Sa'an nan a turara shimfiɗar a cikin duro, a bar ta ta huce sarai kafin a zuba iri, a ɗure a leda, a ajiye a ɗaki mai duhu da tsabta mako uku ko huɗu, har ta yi fari fat.

Don haka, jama'a, a nemi iri daga amintaccen wuri, a auna dusa da ma'auni, kada a yi ta da ka, kuma kada kowa ya tsinko laimar daji ya ci, gama a cikinta akwai mai kisa.