Shiga Tsakani a Matsayin Dabarar Hulɗar Ƙasashen Waje: Misali Daga Aljeriya

1.0 Gabatarwa

Shiga tsakani shi ne wata ƙasa ta uku ta tsaya tsakanin ƙasashe biyu masu husuma, da yardarsu, domin ta kai su ga sulhu. Ya bambanta da shari'a, domin mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci, shawara kawai yake bayarwa. Sashe na 33 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambace shi cikin hanyoyin warware rikici cikin lumana. Wannan maƙala za ta dubi rawar da Aljeriya ta taka tsakanin Amurka da Iran, domin a nuna cewa amana ita ce babban jarin mai sulhu, ko da ba shi da ƙarfin soja.

2.0 Asalin Rikicin

A ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗaliban Iran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka da ke Tehran, suna neman a maido musu da hamɓararren sarkinsu, Muhammad Riza Pahlawi. Amurka ta mayar da martani da riƙe dukiyar Iran da ke bankunanta. A watan Afrilu 1980 ta yanke hulɗar jakadanci, sannan ta yi yunƙurin kuɓutar da mutanenta da ƙarfi, abin ya ci tura, sojojinta 8 suka halaka. Sai dai mutuwar sarkin a Masar a watan Yuli, da harin da Iraƙi ta kai wa Iran a watan Satumba, sun sa Iran ta buƙaci dukiyarta fiye da mutanen da take tsare da su. A nan ne ƙofar sulhu ta buɗe.

3.0 Aikin da Aljeriya ta Yi

Iran ta amince da Aljeriya saboda ƙasa ce ta Musulmi wadda ta ƙwaci 'yancinta daga Faransa a 1962, kuma a lokacin ita ke kula da muradun Iran a Washington. Amurka ma ta yarda da ita. Ministan harkokin wajenta, Muhammad Siddiƙ Benyahya, shi ya jagoranci aikin, Warren Christopher kuwa ya wakilci Amurka.

Aikin ya kasu gida uku. Na farko, tun da Iran ta ƙi zama da Amurka ido da ido, jami'an Aljeriya suka riƙa kai da komo da saƙonni. Na biyu, an tsara yarjejeniyar a matsayin sanarwar gwamnatin Aljeriya wadda kowane ɓangare ya amince da ita, ta yadda ba wanda za a ce ya rusuna wa abokin gabarsa. Na uku, aka ajiye kusan dala biliyan 8 a Bankin Ingila da sunan babban bankin Aljeriya, da sharaɗin ba za a sake su ba sai Aljeriya ta tabbatar da fitar mutanen daga Iran.

An cim ma yarjejeniyar a ranar 19 ga Janairu 1981. Washegari aka saki Amurkawa 52 bayan kwana 444 a tsare, aka kuma kafa kotu a birnin Hague domin sauraron da'awar dukiya tsakanin ɓangarorin.

4.0 Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Aljeriya ta sami ɗaukaka a idon duniya da kusanci da Amurka, wanda shi ne ribar mai sulhu. Amma aikin yana da haɗari, domin a watan Mayu 1982 Benyahya ya rasu da aka harbo jirginsa a kan hanyarsa ta zuwa Tehran don sasanta Iran da Iraƙi, yaƙin kuma ya ci gaba har 1988. Wannan na nuni da cewa komai gwanintar mai shiga tsakani, sulhu ba ya ƙulluwa sai masu faɗan sun ga cewa ci gaba da gaba asara ce gare su.