Ko Kun Sani? Daga Filin Jirgin Yaƙi Zuwa Fagen Tseren Motoci

Fagen Silverstone da ke Ingila, inda aka gudanar da tseren farko na gasar motoci ta duniya da ake kira Formula 1 a ranar 13 ga Mayu 1950, asalinsa sansanin sojojin sama ne da aka buɗe a 1943 domin horar da matuƙa jiragen Wellington masu jefa bama-bamai. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sai masu tseren mota suka karɓe shi tun daga 1948, domin doguwar kwaltar da jirage ke gudu a kanta kafin su tashi, da hanyar da ta kewaye sansanin, sun riga sun shimfiɗu a fili mai faɗi marar tudu, ga shi kuwa ƙasar ba ta da kuɗin sabon gini a lokacin. A Kano abin ya zo a juye, domin jiragen sojan Birtaniya uku da suka taso daga Masar a 1925 a filin wasan dawakai suka sauka, tun kafin birnin ya samu filin jirgin sama nasa.