Ko Ka Sani? A Soron Ƙasa, Zafin Rana Sai Dare Yake Isowa

Ka taɓa shiga tsohon zaure a cikin birnin Zariya da azahar, ana tsakiyar bazara, ka ji sanyi ya ratsa ka kamar an kunna na'ura? To, na'urar tana nan, sai dai ba ta shan wutar lantarki. Bangon ne da kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ginin tubali ba korar zafi yake yi ba, jinkirta shi yake yi. Zafin da ya doki bango da hantsi sai ya yi ta rarrafe cikin kaurin ƙasa, a hankali a hankali, ba zai kai ciki ba sai gari ya huce. Kamar dai tukunyar ƙasa: tana daɗewa ba ta ɗau zafi ba, amma ko an sauke ta daga murhu miya ba ta saurin hucewa. Ina yaro, wani dare cikin hunturu, kakana ya kama hannuna ya ɗora a bangon ɗakinsa. Ɗumi na ji, kamar jikin mutum. Ya ce, "Ranar ɗazu ce ta iso." Har gobe ban manta ba.

Sai kuma tulluwa. Iska mai zafi sama take tashi, don haka rufi mai zurfi kan janye ta daga kan mutane. Je ka tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya hau mulki a 1834. Ɗaga kai ka ga bakan gizo na tafiya suna haɗuwa, azarar giginya ce ƙashinsu, itacen da ko gara ba ta cika iya masa ba.

Na tuna da wannan masallaci ranar da na ji labarin rufaffen filin wasa na Jami'ar Syracuse a Amurka. An buɗe shi a 1980, a lokacin yana cin 'yan kallo kusan dubu 50, aka sa masa sunan Carrier, kamfanin na'urar sanyaya ɗaki. Amma ya yi wajen shekara 40 babu wannan na'ura a cikinsa! Kafin 2020, rufin nasa ƙyalle ne da iska ke riƙe da shi, ba shi da kaurin da zai tsare zafi, ga kuma numfashin jama'a. A wancan lokacin, in an cika a ranar zafi, gumi kawai ake sharcewa.