In Sandar Ƙafar Gaba Ta Cije: Aikin Da Ke Gwada Makanikan Lamorde

Duk wanda ya san garin Mubi ya san Lamorde, tsohuwar unguwar nan ta Mubi ta Kudu wadda sunanta da Fulatanci ke nufin mazaunin sarauta. A zamanin nan, abin hawan da ya fi kai-komo a cikinta shi ne mai ƙafa uku. Akwai na fasinja, watau su Bajaj da TVS ƙirar Indiya, akwai kuma na kaya, mai gaba irin na babur da akwati a baya, wanda ke jigilar hatsi da ruwa da itace tsakanin kasuwa da ƙauyukan da ke gindin duwatsu wajen iyakar Kamaru.

Mai ƙafa uku ba baƙo ba ne ga mutanen wannan yanki, domin Buba Marwa, wanda aka laƙaba wa keken sunansa sa'ad da ya mulki Legas daga 1996 zuwa 1999, mutumin Michika ne. Sunan Keke Napep kuwa ya samo asali daga shirin yaƙi da talauci da Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2001. Amma abin da ya cika titunan Arewa da shi sosai shi ne hana haya da babura saboda tsaro, kamar yadda aka yi a Maiduguri cikin 2011 da Kano cikin 2013. Yau da yawa daga cikin waɗannan kekuna sun tsufa, kuma tsufa ya zo da irin nasa ciwo.

Ɗaya daga cikin ciwon shi ne cijewar sandar ƙafar gaba, musamman a keken kaya. Sandar nan ƙarfe ce guda, ta shiga ta hannun fok na wannan gefe, ta ratsa boris biyu da wani ɗan bututu da ke tsakaninsu a cikin cibiyar ƙafar, ta fita ta ɗaya hannun, aka ɗaure ta da noti. Ranar da aka saye shi, da tafin hannu ma sai a ture ta. To, amma keke ya sha damina bayan damina, ya ratsa taɓo da rafukan da ke gangarawa kogin Yedzaram, kana aka kai shi wurin wanki aka fesa masa ruwa da ƙarfi. Ruwan ya sami kafa ya shige, giris ya wanke, tsatsa ta zauna. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ya haife ta cin wuri, ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta cike ɗan sararin da ke tsakanin sanda da bututu, su koma kamar an yi musu walda. In hannun fok ɗin na alminiyam ne, akwai wata ɓarnar kuma, don shi da baƙin ƙarfe in suka haɗu cikin danshi sukan ci juna, wani farin gari ya toshe ramin.

Mai keke ba ya sanin wannan sai ranar da boris ya mutu, kai ya fara rawa, tilas a cire ƙafa. Ba abin da za a ɗaga wa ƙafa ba ne, domin ƙafa ɗaya tak ke riƙe da gaba, ita ce kuma ke juya keken. In ta saki a gangara da buhunan masara a baya, sai dai Allah ya kiyaye. Ga shi yawancin matuƙan nan ba nasu ba ne, kullum akwai balas da mai shi ke jira, ko keke ya fita ko bai fita ba. Shi ya sa direba kan tsaya a kan makaniki yana azalzalarsa, shi kuwa makaniki, in ɗan koyo ne, sai ya rarumi babbar guduma.

Nan ne ɓarna take. Kan sandar da ya sha guduma tsirara yakan baje kamar kan turmi, zarensa ya mutu, ya fi ƙarfin ramin da zai bi ya fita. Bugun kuma ba a sanda kaɗai yake tsayawa ba, yakan buɗe fok ko ya tsaga bakinsa. Aikin da boris biyu za su kashe sai ya koma sayen gaban keke ɗungurungum. A ganinmu, direban da ya hana makaniki sakat yana da nasa kason laifin.

Gwanin makaniki da bincike yake farawa. Tun ƙafa na ƙasa zai sassauta noti, ya duba ko akwai ƙananan kusoshin da ke matse sandar a gindin fok, don sau da yawa su ne aka manta. Sa'an nan ya cire wayar birki da ta agogo, ya sa dutse a ƙafafun baya, ya ɗaga gaba ya tokare jikin keken, don nauyi kansa yana ƙara wa sanda cizo. Daga nan sai ya kama kanta da sifana ya gwada murɗawa. Wannan gwaji shi ke gaya masa inda ciwon yake. In ta ƙi motsi sam, a cikin fok ta cije. In kuwa tana juyawa amma ta ƙi fita, to bututu ne ko boris ya riƙe ta a can ciki, wanda ya fi wuya.

Sai jiƙo. Akwai man feshi na gwangwani da aka yi don haka, in babu, kananzir da ɗan man inji ma suna yi. A zuba ta kowace kafa, a ɗan ƙwanƙwasa don mai ya sami hanya, a bar shi ya kwana in da hali. Washegari a mayar da noti har ya yi daidai da kan sandar don ya kāre zare, a ɗora guntun tagulla ko icen kirya a kai, wani kuma ya tokare ɗaya hannun fok ɗin da ƙarfe mai nauyi, yadda ƙarfin bugu zai tafi ga sanda kawai. Bugu kaɗan, murɗa kaɗan, a ƙara mai. Da ta motsa ko da faɗin farce ne, an ci rabin yaƙi.

In ta ƙi, sai wuta, amma da hankali. Abin da ya kewaye sanda ake gasawa don ya buɗe, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sai dai ba ya yin ja ya gargaɗe ka, yakan narke ne kawai in zafi ya kai wajen digiri 660. Dole a goge kananzir tukuna, a kawar da tankin mai, a kāre taya da robobin fok da jiƙaƙƙen tsumma. Wuta ba ta da amfani ga bututun da ke can cikin cibiya. Wannan kam sai zarto: a yanke sandar ta gefe biyu tsakanin fok da ƙafa, a sauke ƙafar, a kai ta ga injin matsa ya tura guntun waje. Sanda ta fi fok da ƙafa araha, gara a sadaukar da ita.

Wannan ciwo ba na Mubi kaɗai ba ne. Cikin 1970 kamfanin Honda ya fitar da wani ɗan babur mai ƙafa uku da manyan tayoyi don shiga jeji da rairayi, wanda aka sani da ATC. Yawan kifewa da asarar rayuka suka sa aka daina sayar da sababbinsu a Amurka cikin 1988, saboda haka duk wanda ya rage a hannun masu sha'awarsu ya haura shekara talatin da biyar. Su ma da sandar gaba suke fama, kuma dabarunsu ba su wuce waɗannan ba: mai, tagulla, wuta, zarto.

Wajen mayarwa, a goge ramukan da samfefa, a sa sababbin boris da robobin da ke tare ruwa, a mirgina sandar a kan gilashi ko teburin ƙarfe don a ga ko ta lanƙwashe, kana a shafe ta da giris tun daga kai har gindin zare. Mai keken da ke son kauce wa wannan wahala sai ya riƙa sa a zare masa ita a sake shafawa sau biyu a shekara, kafin ruwan Mayu ya sauka da bayan ya ɗauke cikin Oktoba.