Madannan Sitiyarin Mota: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani In Sun Daina Aiki

A zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas cikin 1975, madannin da ke kan sitiyarin mota, in ma akwai, bai wuce na hon ba. Yau kuwa yawancin motocin tokumbo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can suna zuwa da madannai birjik a kan sitiyari: na rediyo, na amsa waya, na tsai da gudun mota a kan ma'auni guda. Direbobi da yawa a Sabo Yaba da Agege da sauran unguwannin Hausawa na Legas sukan ɗauki mutuwar waɗannan madannai ƙaramin abu ne, tun da mota tana tafiya. Wannan kuskure ne, domin sau da yawa alama ce ta wata ɓarna da ta shafi ran direba.

Yadda Abin Yake Aiki

Sitiyari juyawa yake yi, amma wayoyin mota a kafe suke. Saboda haka aka sa wani ɗan akwati kamar faifai a bayan sitiyari, wanda kanikawa ke kira kulok-sifirin. A cikinsa akwai wata waya mai faɗi, siririya kamar zirin kaset, a naɗe. In an karya kan mota wani gefe sai ta warware, in an karya ɗaya gefen sai ta naɗu. Duka-duka juyi wajen biyar take iya ɗauka, watau biyu da rabi kowane gefe.

Ta cikin wannan waya guda ce wutar hon take bi, da ta madannai, da kuma ta jakar iskar nan da ke ɓoye a tsakiyar sitiyari, wadda kan kumbura kafin ƙiftawar ido ta tare ƙirji da fuskar direba ranar hatsari. In wayar ta tsinke, ba rediyo kaɗai aka rasa ba.

Yadda Ake Gane Inda Ɓarnar Take

Kamata ya yi a fara da abin da ya fi sauƙi da araha.

Na farko, in madanni ɗaya ne ya ƙi aiki sauran kuwa lafiya lau, galibi datti ne. Gumin hannu, da lemon kwalba da ya zube, da laimar Legas lokacin damina, da ƙurar hunturu ga masu zirga-zirga zuwa Arewa, duk sukan taru a ƙarƙashin madanni. Tsabtacewa da maganin feshi na kayan lantarki kan wadatar. Ba a sa ruwa, ba a sa fetur.

Na biyu, in madannan rediyo ne kawai suka mutu, sai a tambaya ko an sauya rediyon da motar ta zo da shi. A motocin Japan da yawa, kowane madanni da irin ƙarfin wutar da yake aikawa, rediyon asali kuma ya san ma'anar kowanne. Baƙon rediyo mai allo ba zai gane ba sai an haɗa masa wayarsa, an saita shi madanni bayan madanni, ko an sa masa na'urar da ke fassara saƙon.

Na uku, in hon ne kaɗai ya yi shiru, a duba fiyus da rile da shi kansa hon ɗin da ke gaban mota, inda ruwan ambaliya kan cinye bakin wayarsa. Fiyus da ya ƙone a sauya shi da mai lamba irin tasa. Cusa zaren waya a madadinsa hanyar gobara ce.

Na huɗu, in hon da madannai suka mutu tare, ko suna aiki a wani juyi suna ɗaukewa a wani, ko ana jin ƙas-ƙas a bayan sitiyari, sa'an nan fitilar jakar iska mai haruffan SRS ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa ta ƙi mutuwa, to, babban abin zargi shi ne kulok-sifirin. Na'urar kwamfuta da ake jonawa a ƙarƙashin dashbod za ta tabbatar.

Me Ke Tsinka Wayar?

Tsufa na daga ciki, musamman a gari mai cunkoso inda direba ke wuni yana murza sitiyari daga titin Herbert Macaulay zuwa na Ikorodu. Akwai kuma kuskuren masana'anta: a watan Afrilu na 2014 kamfanin Toyota ya yi kiranye ga motoci wajen miliyan 3 da rabi a duniya, cikinsu har da Corolla da RAV4 da Hilux, saboda lahanin wannan waya. Amma sau da yawa a gareji ake tsinka ta. In aka kwance ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafafun gaba ba a ɗaure sitiyarin ba, wani yaron gareji ya wulwula shi, nan take wayar ta yanke. Haka kuma motocin da aka mai da sitiyarinsu daga dama zuwa hagu, kasancewar Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, sukan zo da wayoyi masu ɗori waɗanda ba su daɗewa.

Gyara

Wannan ba aikin mai koyo ba ne. Wajibi ne bakanike ya miƙe ƙafafun gaba, ya kashe mota, ya cire kan batir mai alamar ragi, ya dakata minti uku ko iyakar abin da littafin motar ya faɗa, domin sauran wuta kan maƙale a na'urar jakar iska. Wayoyin jakar ruwan ɗorawa ne, kuma ba a taɓa su da fitilar gwaji ko mita, don hakan na iya tayar da ita a fuskar mai aiki. In an ciro ta, a ajiye fuskarta tana kallon sama.

Ba a ɗora wayar da ta tsinke. Sauya akwatin ake yi ɗungurungum. Sabo yakan zo da ɗan makulli da ke riƙe shi a tsakiya, ba a cire shi sai an gama ɗaurawa. Mai sayen na hannu a kasuwar Ladipo ko wata kasuwa ya dubi lambar tsohon, ya kuma tabbata an daidaita shi a tsakiya kafin a sa, in ba haka ba zai tsinke a kwanar farko.

Gargaɗi

Dabaru biyu sun yaɗu, kuma duka biyun ha'inci ne ga kai. Ɗaya shi ne jawo waya a kafa wa hon wani madanni a jikin dashbod. Ɗayan shi ne cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta. Hon zai yi kuka, fitila ta ɓace, amma jakar iska tana nan a mace. Mai sayen mota ya lura: lafiyayyar fitila takan kama in an murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa ta.

Hon mai aiki na cikin abubuwan da jami'an duba lafiyar motoci da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suke nema ga kowace mota. Ana kira ga masu motoci da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da kanikawa su yaɗa wannan bayani a tashoshi da gareji. Kuɗin kulok-sifirin bai kai na kwanan asibiti ba, kuma rigakafi ya fi magani.