Rubutu, Talla da Tukunya: Yadda Marubuciyar Soyayya Ke Raba Lokacinta

Wanda bai samu ya saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba. Daga nan Minjibir nake magana, kuma tambayar yau ita ce wadda mata masu sha'awar rubutu suka fi turo min: wai ta yaya matar aure mai yara za ta rubuta littafin soyayya, ta tallata shi, kuma gidanta bai watse ba?

Amsata a taƙaice ita ce, ba rubutun ne ke cinye lokacin gida ba. Tallan ne. In kin gane wannan, to kin gane rabin zancen.

Bari mu ɗan waiwaya baya. Iyayenmu a wannan harka ma matan aure ne masu ɗawainiya. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana 'yar shekara 13, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. Ga kuma Anti Bilki Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. A zamaninsu aikin a rabe yake. Mace ta rubuta a littafi da biro, a kai wa mai bugawa, 'yan kasuwar littafi a Kano su sara su rarraba har Sakkwato da Maraɗi. Da littafi ya fita daga hannunta, sai ta koma harkar gidanta.

Yanzu fa? Takarda ta yi tsada, kasuwa ta koma cikin waya. Ke ce marubuciya, ke ce mai taifin, ke ce mai talla a Facebook da WhatsApp, ke ce mai duba ko kuɗi sun shigo, ke ce mai saka mutum a guruf ki cire wanda bai biya ba. Sannan ke ce mai bin sahun masu fitar da littafin kuɗi su yaɗa shi kyauta. Aikin mutum biyar ya hau kan mace ɗaya, kuma duk a cikin wayar da ke hannunta lokacin da take tuƙa tuwo. Rubutu yana da farko yana da ƙarshe, ki zauna awa ɗaya ki tashi. Shi kuwa talla ba ya ƙarewa, ƙarfe biyun dare ma wata za ta turo, "Anti shiru, yau babu shafi?"

To mene ne mafita? Ga yadda nake yi, kuma na ga ya yi wa wasu amfani.

Na farko, ba na fara sakin littafi sai na gama shi, ko aƙalla na ci ƙarfinsa. Yawancin rikicin yana farawa ne daga karɓar Naira 500 ko 1,000 a hannun mutane kan labarin da ba a rubuta ba tukuna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko aka yi rasuwa a dangi, masu karatu ba su sani ba, haƙƙinsu suke jira. In shafukan suna ajiye, minti biyu kin tura kin koma kan yaronki.

Na biyu, bin kalandar gona. Mu nan Minjibir manoma ne, ba irin rayuwar cikin birni muke ba. Daga saukar damina zuwa kaka, gida ba ya zama: abincin masu noma, sannan cirar gyaɗa, roron wake, sussukar gero. Wadda ta yi alƙawarin shafi kullum a watan Oktoba ta ɗauko wa kanta dala babu gammo. Ni da rani nake rubutu mai yawa, da damina kuma sai gyara da saki kaɗan-kaɗan. Azumi kuwa, dama masu karatu da yawa ajiye littafi suke yi, sai ki huta tare da su.

Na uku, ware wa talla lokaci kamar shago. Ni tsakanin azahar da la'asar nake buɗe data in amsa saƙonni, in tabbatar da biya, in rufe. Wannan ma yana taimaka wa caji, tunda wuta ba kullum ba, wani lokacin sai an aika waya shagon caji. Ki rubuta lokacinki a saman guruf, mutane za su saba. In akwai ƙanwa ko aminiya amintacciya, ki ba ta riƙon guruf ki riƙa sallamarta. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne fahimtar mutanen gida. Har yanzu akwai masu kallon littafin soyayya da wani ido. Ba yau aka fara ba, a 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A ƙauye kuma kowa ya san kowa, in kin rubuta muguwar uwar miji sai a ce da surukarki kike. Don haka maigida ya san abin da kike rubutawa daga bakinki, kada ya ji a majalisa. Ku yi magana kan lambar da za a saka a talla, tunda maza ma suna saya kuma suna kira. Da yawa sukan ware layi daban na kasuwanci, wasu su yi amfani da sunan alƙalami. Sirrin gidanki kuwa, da na kishiya da na maƙwabta, ba kayan labari ba ne. Ma'aunina mai sauƙi ne: shafin da ba zan so 'yata ta karanta ba in ta girma, ba na sakinsa ko nawa zai kawo.

Wadda kuma yaranta ƙanana ne sosai, ba dole sai dogon littafi ba. Gajeren labari ma rubutu ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, gajeren labari ake shiga da shi, kuma ta fito da sunayen mata da dama.

Kada wata ta ce miki sai kin zaɓi ɗaya tsakanin gida da alƙalami. Amma ki sani, mai karatu in ta jira kwana biyu za ta dawo, ƙuruciyar ɗanki kuwa ba ta jiran kowa.

Ku faɗa min a ƙasa, ke da wane lokaci kike rubutu, kuma wa ke riƙe miki guruf? Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.