Muryar Aljani: Ashe Gurnani Ma Sai An Koya!

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Darna Sabon Gari ko cikin Illela ya san abin da ke faruwa idan aka zo wurin da aljani zai yi magana a fim. Sai wuri ya yi tsit, yara na raɓewa jikin manya. Ana tashi kuma sai samari su kama kwaikwayon muryar a hanyar gida, kowa na shaƙe maƙogwaro yana gurnani. Gari na wayewa, wani ko gaisuwa ba ya iya amsawa, murya ta dishe.

To, abin da samarin nan ke yi da wasa, wasu a duniya da shi suke cin abinci. Akwai wani salon kiɗa da ake kira Death Metal, wanda ya taso a Amurka a shekarun 1980, inda mawaƙi ke yin gurnani kamar zaki a kan jita da ganguna masu gudun tsiya. Ƙungiyar Possessed ta fitar da faifanta Seven Churches a 1985, sai ƙungiyar Death ta marigayi Chuck Schuldiner ta biyo da Scream Bloody Gore a 1987, daga nan garin Tampa na jihar Florida ya zama cibiyar harkar. Masu kallon finafinan Turawa ma sun taɓa cin karo da su ko da ba su sani ba. A fim ɗin Ace Ventura: Pet Detective na 1994, inda Jim Carrey ya kutsa cikin wani gidan rawa, waɗanda ke kan dandamali 'yan ƙungiyar Cannibal Corpse ne, mai gurnanin kuwa Chris Barnes.

Jin farko, mutum zai ce wannan ai hauka ne. Amma kunnen Bahaushe bai kamata ya yi baƙunta da yawa ba. Wanda ya ji ɗan dambe na kirari a fage har jijiyoyin wuya su tashi, ko ya saba da waƙoƙin Ɗan Anace, ya san ba zaƙin murya kaɗai ke sa tsikar jiki ta tashi ba. Masu sauraren Death Metal suna ɗaukar muryar tamkar wata ganga ce a cikin ganguna. Abin da suke bi shi ne yadda take faɗawa daidai kan kiɗa, da zurfinta, da tsawon numfashin mai yi. Gane kalmomin sai daga baya.

Inda samari ke yin kuskure shi ne zaton da ƙarfi ake yi. Ko kusa! A saman igiyoyin murya da muke magana da su akwai wasu naɗe-naɗen tsoka guda biyu, su gwanaye ke koyon kaɗawa, kamar yadda makiyayan Tuva da ke Rasha ke yi a wata irin waƙarsu ta gargajiya. Iskar daga ciki take tasowa, wuya a sake, ƙarar kuma makirfo ne ke ƙara mata. Farkon darasi bai wuce irin nishin da mutum ke yi idan ya sauke kaya mai nauyi ba, a hankali, na 'yan mintoci, da ruwan sha a kusa. Da an ji zafi ko ƙaiƙayi a maƙogwaro, ba daidai ake yi ba, sai a dakata. Wata malamar murya Ba'amurkiya, Melissa Cross, har faifan DVD ta fitar a 2005, The Zen of Screaming, don koyar da hakan. Kuma ba maza kaɗai ba ne: Bajamushiya Angela Gossow ta riƙe muryar ƙungiyar Arch Enemy daga 2000 zuwa 2014, har wasu kan rantse ƙato ne ke yi.

Akwai wadda ta bi ta hanyar wahala. Mercedes McCambridge, wadda ta yi muryar aljani a fim ɗin The Exorcist na 1973, ɗanyen ƙwai ta riƙa haɗiya, ga taba ga giya, don murya ta lalace. Muryar ta fito da ban tsoro kam, amma ba hanyar da za a ba ɗan wani shawarar bi ba ce.

Salon ya iso Afirka tuni. A Botswana akwai Overthrust ta garin Ghanzi, a Togo akwai Arka'n Asrafokor da ke gauraya shi da kiɗan gargajiyarsu, kuma a 2012 an yi fim ɗin gaskiya mai suna Death Metal Angola. Sai dai a yi hattara. Da yawa daga waƙoƙin Turawan zancen jini ne da gawa, wasu ma, irin na ƙungiyar Deicide, ɓatanci ne ga addini ƙarara. Dabarar murya daban, saƙon daban, kuma ba dole sai an haɗiye su tare ba.

Dabarar ce za ta amfani masu shirin fim na Hausa. Sau da yawa a kwamfuta ake kumbura muryar aljani, shi ya sa ta wannan fim da ta wancan duk suke kama da juna. Ɗan wasan da ya koyi gurnani da maƙogwaronsa, ya iya sa fushi da izgili a ciki, ya kuma tashi gobe da muryarsa garau, darakta zai neme shi ko daga bakin iyaka yake.